Fankoki 70 sun tsaya cak, ƙasa kuwa na neman wuta

A watan Fabrairun 2022 aka tsayar da manyan fankoki 70 masu samar da lantarki daga iska a ƙauyen Derrybrien, kan tsaunukan Slieve Aughty da ke gundumar Galway, yammacin ƙasar Ayalan. Lafiyarsu ƙalau a ranar. Iskar tekun Atlantika na kaɗawa kamar kullum, wayoyin da ke kwashe wutar suna nan a jone, ma'aikata suna bakin aiki. Takarda ce ta tsayar da su. Hukumar da ke da magana ta ƙarshe kan izinin gine-gine a ƙasar a lokacin, An Bord Pleanála, ta ƙi halatta tashar, shi kuma kamfanin lantarki na ESB, wanda kusan dukansa mallakar gwamnati ne, ya kashe injinan, ya kuma sanar a watan Maris cewa zai kwance su baki ɗaya. A tsakanin waɗannan matakai biyu ne, ranar 24 ga Fabrairu, Rasha ta afka wa Yukiren, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a duk faɗin Turai, iyalai suka fara lissafin yadda za su ɗumama ɗaki idan hunturu ya kama.

Duk wanda ya ji labarin a gajarce haka zai ce hauka ne. Ni ma abin da na fara cewa ke nan. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wannan ya faro ne kusan shekara 20 kafin ranar da aka kashe injinan.

Ƙasar saman waɗannan tsaunuka ba ta yi kama da jigawa ko fadamar da muka sani ba. Wani baƙin taɓo ne na ruɓaɓɓen gansakuka da ciyayi da suka yi ta taruwa dubban shekaru, jiƙe sharkaf kamar soso, kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Mutanen karkara kan yanke shi kamar tubali, su shanya, su hura wuta da shi a madadin itace. Yana kwance ne a kan gangaren dutse, saiwoyi da nauyin kansa ne kawai ke riƙe da shi. A kan wannan taɓo aka sare dajin da ya haura hekta 250, aka shimfiɗa hanyoyin manyan motoci, aka fara tona ramukan harsashi. Ranar 16 ga Oktoban 2003 gefen tsaunin ya motsa. Taɓon ya zaftaro, ya tsaya na ɗan lokaci, ruwan sama mai ƙarfi ya sake ingiza shi, ya bi kwari yana kwasar itatuwa, ya toshe hanya, ya zube cikin kogin Owendalulleegh mai kwarara zuwa tafkin Cutra. An ƙiyasta abin da ya zaftaro da mita kubik 450,000. Idan tipa mai ɗaukar kubik 10 za ta kwashe shi, sai ta yi sawu 45,000. Kifi kimanin 50,000 ya mutu. Allah Ya kiyaye ba a rasa ran mutum ba. Binciken da aka yi daga baya ya ɗora alhakin a kan aikin ginin.

Duk da haka aka koma aiki, aka kammala tashar a 2006, ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar a lokacin, mai ƙarfin megawat 59.5.

Laifin da ya bi tashar har kabarinta shi ne ba a yi cikakken binciken tasirin aikin ga muhalli ba kafin a ba da izini, alhali dokar Tarayyar Turai ta wajabta hakan tun shekarun 1980. Da an yi shi yadda ya kamata, tambayar farko da za a yi ita ce ko wannan taɓo zai iya ɗaukar nauyin da za a jibga masa. Mazauna yankin suka kai ƙorafi, Hukumar Tarayyar Turai ta maka Ayalan a kotu, kuma a Yulin 2008 Kotun Tarayyar da ke Luxembourg ta yanke cewa ƙasar ta karya doka. Kotun ba ta tsaya kan Derrybrien kaɗai ba. Ta soki wata al'ada da ta zauna daram a dokar ƙasar, wadda ta ba mutum damar ya yi gininsa tukuna, daga baya ya je ya nemi a halatta masa. Hujjar kotun a fili take: in dai ana iya gini kafin bincike, to binciken ya zama ado, domin ba wanda zai ɓata lokacinsa a kansa.

Daga nan sai gwamnatin Ayalan ta yi abin da gwamnatoci suka fi ƙwarewa a kai, wato jan ƙafa. Shekara 11 aka yi ana musayar wasiƙu. Gwamnati na cewa izinin da aka bayar tun tuni ya zauna, ba ta da ikon tilasta wa kamfanin ya sake bincike, alhali kamfanin nata ne. A Nuwamban 2019 haƙurin kotun ya ƙare, ta ci tarar ƙasar yuro miliyan 5 nan take, da yuro 15,000 a kowace rana har sai an gyara. Sai a 2020 kamfanin ya shigar da buƙatar a halatta tashar, tare da binciken da ya kamata a ce an yi tun kafin a sare bishiyar farko. Hukumar izinin gine-ginen ta duba ta ce ɓarnar 2003 babba ce, kuma gyare-gyaren da aka yi ba su shafe ta ba. Kafin a rufe maganar, tarar ta haura yuro miliyan 17, daga aljihun masu biyan haraji, cikinsu har da mutanen da taɓon ya zubo wa.

Wannan shi ne ɓangaren doka. Ɓangaren wuta kuwa ga yadda yake. Ayalan tsibiri ce, kuma mafi yawan gas ɗin da take ƙonawa don samar da lantarki ta bututu yake zuwa mata daga Sukotilan, rijiyarta ta gas da ke Corrib kuma tana ja da baya. Iska ce ke ba ta kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkinta, ta kuma ɗaukar wa kanta alkawarin kai wa kashi 80 cikin 100 daga makamashi mai sabuntuwa nan da 2030. A lokaci guda buƙata na ta hauhawa, musamman saboda manyan rumbunan adana bayanan intanet da kamfanonin Amurka suka cika kewayen Dublin da su. A 2015 kashi 5 cikin 100 na wutar da mita ta ƙirga suka sha. A 2023 sun kai kashi 21. Tun a 2021 EirGrid, mai kula da manyan layukan wuta, ya yi ta fitar da gargaɗin cewa tazarar da ke tsakanin abin da ake samarwa da abin da ake buƙata ta yi siriri. A ƙarshen 2022 majalisa ta yi dokar gaggawa da ta ba da damar kafa injinan wucin gadi masu shan mai a Shannonbridge da Tarbert, aka tsallake hanyar neman izini ta yau da kullum.

A nan ne ran masu son a ceci Derrybrien ya ɓaci, kuma ina ganin dalilinsu. Ga ƙasa ta yi doka cikin 'yan kwanaki domin ta ƙona mai, ga fankoki 70 da aka riga aka biya kuɗinsu, aka riga aka yi ɓarnar gina su, suna tsaye suna kallon iska na wucewa. Wasu mazauna yankin da wasu sanatoci suka yi ta kira da a nemo hanyar sake kunna su, ko da a karɓe tashar daga hannun kamfanin ne a damƙa wa wata hukuma, ribar ta koma wa al'umma. Gwamnati ta ce dokar Turai ta ɗaure mata hannu.

Sai dai akwai gyara ɗaya da ya kamata a yi wa wannan hujja, domin masu yin ta kan wuce gona da iri. Ƙarancin wutar da ke tsorata Ayalan na daren hunturu ne mai tsananin sanyi wanda iska ta kwanta, kowa ya kunna abin ɗumama ɗaki, buƙata ta haura megawat 5,000. A irin wannan dare fanka 70 ko 700 duk ɗaya ne, ba abin da za su tsinana. Lambar nan ta megawat 59.5 ƙarfin injin ne idan iska ta cika masa ciki. A tsawon shekara tashar iska ta kan tudu kan ba da wajen rubu'i zuwa sulusin wannan ne. Kuma a cikin sama da megawat 4,000 na tashoshin iska da ƙasar ke da su a lokacin, Derrybrien ɗan ƙaramin yanki ce. Amfaninta na gaskiya a wani wuri yake: duk awar da ta yi tana juyawa, gas ne da ba a saya ba, hayaƙi ne da bai tashi ba, kuɗi ne da bai fita ƙasar ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a shekarar da gas ya fi kowane lokaci tsada. Amma wanda ya ce rufe ta zai jefa ƙasar cikin duhu bai faɗi gaskiya ba, kuma ina zargin ƙanƙantar tata ce ma ta sa aka iya rufe ta ba tare da kowa ya rasa barci a Dublin ba.

Abin da ya sa nake wannan zargi shi ne labarin Fosen, a tsakiyar ƙasar Norwe, wanda ya faru kusan lokaci ɗaya.

A can rikicin na makiyaya ne, 'yan ƙabilar Sami, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara, wadda suke ci, su sayar, su yi sutura da fatarta, kamar dai yadda saniya take ga Bafulatani. Da hunturu dabbar kan tona ƙanƙara da kofato ta ci wani gansakuka da ke manne a ƙasa. Idan hunturu ya yi nisa, ƙanƙarar kwari ta yi kauri ta daskare, sai makiyayi ya kora garkensa zuwa ƙoƙuwar tsauni, inda iska ke share ƙanƙarar ta bar abincin a kusa. Wato iskar da ta sa wurin ya zama makiyayar ƙarshe ga dabba, ita ce ta sa ya zama wuri mafi kyau ga mai kafa fanka. A kan waɗannan tuddai aka gina tashoshin Storheia da Roan, fankoki 151, masu ƙarfin da ya haura megawat 500. An gina su ne shari'a na gaban kotu, hukuma ta ba kamfanonin damar fara aiki kafin a yanke hukunci.

Ranar 11 ga Oktoban 2021 Kotun Ƙolin Norwe, da bakin alƙalanta gaba ɗaya, ta ce lasisin tashoshin biyu bai inganta ba, domin ya tauye haƙƙin Sami na gudanar da al'adarsu kamar yadda sashe na 27 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan Adam da na siyasa ya tanada. Wata ƙaramar kotu ta riga ta ce a biya makiyayan kuɗin da za su killace dabbobin su riƙa ba su abinci a shinge. Kotun Ƙoli ba ta gamsu ba, ta ce wannan ya yi nisa da kiwon da aka gada. Duk wanda ya taɓa jin yadda makiyayi ke amsa maganar a ɗaure masa shanu wuri guda zai gane abin da alƙalan suka hango. Amma kotun ba ta faɗi abin da za a yi da fankokin ba, su kuwa suka ci gaba da juyawa kamar ba a yi komai ba.

Da aka cika kwana 500 da hukuncin, a Fabrairun 2023, matasan Sami sanye da kayan gargajiyarsu suka zauna dirshan a harabar ma'aikatar man fetur da makamashi a Oslo, suka toshe ƙofofin wasu ma'aikatu, 'yar fafutukar kare muhalli Greta Thunberg ta zo ta zauna tare da su, 'yan sanda suka yi ta ɗaukar su cak suna fitarwa. Gwamnati ta nemi afuwa, ta amsa cewa ana tauye haƙƙi. Duk da haka ba a kashe ko fanka ɗaya ba. Sai a Disamban 2023 aka sasanta da makiyayan kudancin Fosen, a Maris na 2024 da na arewaci. Fankokin za su ci gaba da aiki har wa'adin lasisinsu ya cika. Makiyayan kudu za su riƙa karɓar kurona (kuɗin Norwe) miliyan 7 a shekara, na arewa ma an yi musu makamancin haka, gwamnati ta ɗauki alkawarin nemo musu ƙarin makiyayar hunturu, kuma idan wa'adin ya cika a shekarun 2040 ba za a sabunta ba sai da yardarsu.

Idan aka jera labaran biyu, akwai abin da ke damuna ƙwarai. A Derrybrien ɓarnar ta auku sau ɗaya, a 2003, ta wuce. Tsayar da fankokin a 2022 bai mayar da taɓon kan tsauni ba, bai dawo da kifi ko ɗaya ba. A Fosen kuwa cutarwar tana sabuntuwa ne kowace safiya da fikafikan suka juya dabba ta ƙi kusantar wurin, kuma tsayar da su da kwance su zai iya mayar wa makiyayi da makiyayarsa. Inda rufewa ba ta gyara komai, an rufe. Inda rufewa ce maganin, an bari. Bambancin da na iya gani shi ne girma da matsin kuɗi: tasha ɗaya ƙarama ce, tara kuma na hawa kan gwamnati kullum, ɗayar kuwa an zuba mata biliyoyin kurona, kuma ba wanda ke cin tarar kowa.

Kenya ta ƙara tabbatar mini da wannan. Tashar tafkin Turkana da ke gundumar Marsabit ita ce mafi girma a Afirka lokacin da aka buɗe ta a 2019: fankoki 365, megawat 310, irin injin kamfanin Vestas mai kilowat 850 da aka kafa a Derrybrien. A Oktoban 2021 kotun filaye da muhalli da ke Meru ta ce hanyar da aka bi aka mallaka wa kamfanin filin, wanda makiyayan Rendille da Samburu da Turkana da El Molo ke amfani da shi, ta saɓa wa doka. Ta ba da wata 12 a gyara. Ba ta ce a kashe injin ba, kuma da wuya a samu alƙalin da zai iya, domin tashar na ba da wani babban kaso na wutar ƙasar. Kamfanonin duniya sun san wannan sarai. Da zarar an zuba kankare an jona waya, shari'a ta koma ta nawa za a biya. Shi ya sa ba na sakin jiki da kalmar "ƙasa na buƙatar wuta" idan ta fito daga bakin wanda ya yi gini kafin ya tambaya. Buƙatar gaskiya ce, amma shi ne ya mayar da ita garkuwa.

Ra'ayina kan Derrybrien duk da haka shi ne ba a kyauta ba da aka rufe ta. Da an bar ta ta ƙarasa shekarun da aka ƙera ta ta yi, ƙarƙashin sa idon masana da ba kamfanin ke biyan su ba, a sa ranar rufewa wadda ba za a ɗaga ba, a kuma ƙwace ribar daga hannun wanda ya yi laifin a zuba ta wajen gyaran kogin da taɓon da buƙatun ƙauyen, da an hukunta mai laifi ba tare da an ƙona ƙarin gas ba. Na san masana doka za su ce dokar Turai ba ta yarda da halatta irin wannan gini ba sai a yanayi na musamman, kuma tsoronsu na buɗe ƙofa ga masu gini da gangan tsoro ne mai tushe. Amma abin da ke hana mutum karya doka shi ne ya san ba zai ci ribar karyawar ba. Ana iya raba kamfani da riba ba tare da an raba jama'a da wuta ba. Ayalan ta samu shekara 11 cur da za ta iya gina irin wannan hanya, ta ɓatar da su wajen musu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wata matsala da ba ta da zaftarewar ƙasa ko zanga-zanga, ba ta shiga kanun labarai, amma ta fi waɗannan yawan megawat. Tsufa ce, ta takarda kafin ta ƙarfe. Tashar iska ta farko a Ayalan an buɗe ta a Bellacorick, gundumar Mayo, a 1992. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya an ba su izini mai wa'adi, shekara 20 ko 25, bayan nan a kwance. Wa'adin na cika yanzu ɗaya bayan ɗaya. Injin da aka kula da shi, aka canza masa giya da boris, aka duba fikafikansa da harsashinsa, yana iya ƙara shekara 5 ko 10 yana aiki, kuma wutarsa ce mafi arha domin an daɗe da biyan bashin gina shi. Amma mai tashar sai ya sake neman izini kamar baƙo, a ƙarƙashin dokokin da suka canza bayan ya yi gini. Wani wurin an ayyana shi mafakar wani shaho da ke neman ƙarewa, kamar yadda aka yi wa tsaunukan Slieve Aughty kansu. Wani wurin majalisar gunduma ta sake zana taswira ta cire shi daga inda aka yarda a kafa fanka. Ƙa'idojin ƙasa kan tazara tsakanin fanka da gidaje da kuma ƙara na 2006 ne, an fitar da daftarin sababbi a 2019, aka yi shekaru ba a kammala ba, kowa na aiki cikin rashin tabbas.

Ɗaya hanyar ita ce a tumɓuke tsofaffin a kafa sababbi a wurin. A lissafi abin sha'awa ne. Fanka ɗaya ta zamani mai megawat 5 ko 6 tana maye gurbin irin na Derrybrien shida ko bakwai, hanya na nan, layin wuta na nan, an kuma san halin iskar wurin na shekara 20. Amma tsohuwar fanka tsayinta har ƙarshen fiffike bai wuce mita 75 ba, sabuwa kuwa tana kai 170 ko fiye. Maƙwabcin da ya saba da ta farko har ya daina ganin ta, idan aka ce masa za a kawo wadda ta ninka ta fiye da sau biyu, wadda inuwar fiffikenta za ta riƙa gilmawa ta tagar ɗakinsa da yamma, yana da haƙƙin a sake tambayarsa. Tarayyar Turai ta yi dokar gaggawa a Disamban 2022 da ta ce izinin irin wannan sabuntawa kada ya wuce wata shida, ta kuma ɗauki makamashi mai sabuntuwa a matsayin babbar maslahar jama'a idan ana auna shi da wasu buƙatu. Ayalan ma ta sake dokar tsare-tsarenta a 2024, har ta canza wa hukumar An Bord Pleanála suna da tsari. Gaggauta amsa abu ne mai kyau, domin jira na shekaru ma zalunci ne ga kowane ɓangare. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki gaggawa a matsayin rage tambayoyi, alhali tambaya ɗaya da aka tsallake ce ta jawo duk abin da ya faru a Galway. A Nuwamban 2020 ma an sake samun zaftarewar taɓo a wurin ginin wata tashar iska a Meenbog, gundumar Donegal, shekara 17 bayan ta farko.

Mu a nan fankokinmu kaɗan ne, amma ba mu rasa ba. Mai bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san na Lambar Rimi, guda 37 masu fiffike biyu, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna aka faro maganar, gwamnatin tarayya ta karɓa, aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Rimi a Disamban 2012, ya kuɓuta a Nuwamban 2013, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya sama da shekara 10. Abin da ya riƙe mana namu rashin tsaro ne da rashin kulawa da kuɗin gyara, ba shari'ar izini ba. Amma irin waccan shari'ar na tafe. A 2022 an sanar da shirin tashar iska ta Tarka a jihar Tawa ta Nijar, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250. A Najeriya dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, ga filayen hasken rana da ake ta yankawa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini. Manomi ko ba komai yana da shukar da za a ƙirga. Makiyayin da ke ratsa wurin wata uku a shekara, burtalinsa da mashayarsa ba su da takarda, kuma ranar da masu awo za su zo wataƙila yana can kudu da garkensa. Muna da dokar binciken tasirin muhalli tun 1992. Abin dubawa shi ne ko mai binciken zai dawo da rani ya ga wanda ke wurin, ko da damina kaɗai zai zo ya rubuta cewa fili ne ba kowa.

A Derrybrien shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, fankokin na tsaye ba sa juyawa. Kwance su ma ba abu ne na a wayi gari a yi ba. Tunda an ce ginin ba shi da izini, taɓa shi na buƙatar nasa izinin da nasa binciken muhallin, irin wanda ba a yi ba a farko. Kuma domin a sauke hasumiya 70 da fikafikai 210, sai manyan injinan ɗaga kaya da tireloli sun sake hawa kan taɓon nan da ya motsa a 2003, su bi hanyoyin da aka shimfiɗa a kansa, a saman kwarin da mutanen ƙauyen ke zaune.